SHAYE-SHAYE A MINNA: Bayan Kame Da Aski, Wa Zai Saurari Yaro?

A cikin watan Afrilu na 2025, Gwamnan Jihar Neja, Alhaji Umaru Bago, ya ba da umurni masu tsanani domin kawo ƙarshen faɗace-faɗacen 'yan daba a birnin Minna. Aka hana 'yan acaba da masu keke-napep zirga-zirga daga ƙarfe 6 na yamma zuwa ƙarfe 6 na safe. Aka ce duk gidan da aka samu ana sayar da miyagun ƙwayoyi a ciki za a rushe shi, aka kuma ce a kama masu tara suma a yi musu aski. Wannan batu na aski ya ta da ƙura har a jaridun Ikko, daga baya Gwamna ya yi bayani cewa 'yan daba yake nufi, ba kowa da kowa ba.

Duk magidancin da ya taɓa kwana ido biyu a Sauka Kahuta, ko Kpakungu, ko Limawa, ko Unguwar Daji saboda tsoron masu adda da wuƙa, ba zai ga laifin Gwamnati ba. Tsaron rai da dukiya hakkinta ne. Amma abin tambaya shi ne, in an kama yaro, an aske shi, an sake shi, ya koma gida da ƙishirwar ƙwayar nan a jikinsa da baƙin ciki a zuciyarsa, wa zai zauna da shi?

YAWAN ABIN

Binciken da Ofishin Ƙididdiga na Ƙasa ya yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka bayyana a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun taɓa ƙwaya a cikin shekara guda a Nijeriya. Miliyan 10.6 tabar wiwi suka sha, miliyan 4.6 ƙwayoyi irin su taramol, miliyan 2.4 kuma maganin tari mai kodin. A cikin kowane mutum huɗu, ɗaya mace ce. Kimanin miliyan 3 abin ya riga ya zama musu ciwo, ba su iya bari don kansu. A shiyyar Arewa ta Tsakiya, inda Jihar Neja take, an sami mutum 10 cikin 100.

Ba yau aka fara gwada ƙarfi a kan wannan annoba ba. A ƙarƙashin Doka ta 20 ta 1984, Gwamnatin Soja ta harbe mutum uku a Ikko cikin Afrilu 1985 saboda fataucin ƙwaya. A 1989 aka kafa Hukumar NDLEA. A watan Mayu 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin. Kowane ɗaya daga cikin matakan nan dillali ya nufa, kuma dillali ya cancanci abin da ya same shi. Shi kuwa mai sha, wanda kansa ya fara juyawa, an bar wa iyayensa.

ƘOFOFI UKU

A ce ƙarfe biyu na dare saurayi ya fara sambatu, yana cewa ana binsa za a kashe shi, ko ya kulle ɗaki ya ce ya gaji da duniya. Ƙofofi uku ne gaban uwarsa. Ta farko ofishin 'yan sanda, kuma ba uwar da ke son ta kai ɗanta da hannunta. Dokar Penal Code da ta fara aiki a Arewa a 1960 ta ɗauki yunƙurin kashe kai a matsayin laifi mai ɗaurin shekara guda, abin da ya sa iyalai da yawa suka gwammace su rufe bakinsu. A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce Gwamnati na aikin cire wannan daga jerin laifuffuka.

Ƙofa ta biyu gidan mari. Jama'a ba su manta da abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna cikin Satumba 2019 ba, inda aka fito da mutum fiye da 300, waɗansu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba mugaye ba ne, wurin zuwa ne suka rasa.

Ƙofa ta uku asibiti. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan duka ba su kai 300 ba, ga jama'a fiye da miliyan 200, kuma yawancinsu suna manyan birane. Babban asibitin masu taɓin hankali na Barnawa a Kaduna tafiya ce mai nisa ga talakan Sauka Kahuta, ga kuɗin mota, ga na magani, ga na mai jinya. NDLEA ta buɗe layin waya na kyauta a 2022 inda masana ke ba da shawara dare da rana, wannan kuwa abin yabo ne, sai dai waya ba ta riƙe hannun wanda ke jijjiga.

RAGE ILLA

Akwai hanyar da masana lafiya ke kira rage illa. Ma'anarta a taƙaice, a fara ceton ran mai shaye-shaye tun bai kai ga bari ba, domin matacce ba ya tuba. A koya masa kada ya haɗa taramol da giya ko maganin barci, kada ya sha shi kaɗai a kango, kada ya yi tarayyar allura. A koya wa abokansa cewa yawan taramol na kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, kodin kuma na danne numfashi, saboda haka wanda ya suma a kwantar da shi a gefensa a garzaya asibiti, kada a ɗura masa madara ko manja, don yana iya shaƙewa. Akwai maganin da ake kira nalokson wanda ke dawo da numfashin wanda irin waɗannan ƙwayoyi suka danne. Ita ma Gwamnatin Tarayya ta gwada rarraba allurai masu tsabta a jihohin Gombe da Abiya da Oyo a 2020.

A lardin Biritish Kolambiya na ƙasar Kanada, 'yan asalin ƙasar, waɗanda Turawa suka tarar, sun karɓi ragamar harkokin lafiyarsu daga Gwamnatin Tarayyar can a 2013. Da mace-macen ƙwaya suka yi yawa har aka kafa dokar ta-ɓaci a 2016, sai suka sa dattawansu da tsofaffin mashaya da suka warke cikin aikin, domin mutanensu sun daɗe ba su amince da ma'aikatan hukuma ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ba sai an je Kanada ba ma. A 1954 Dokta Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro ta Abeokuta, inda masu taɓin hankali ke sauka a gidajen mutanen ƙauye, kowa da ɗan'uwansa mai jinya, su je asibiti da rana su komo cikin jama'a da dare, har da masu maganin gargajiya ya jawo. Sunan Aro ya kai ko'ina a duniya. A 2020 kuma Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa suka bayyana sakamakon gwajin da suka yi a Ibadan da Kumasi, wanda ya nuna marasa lafiya sun fi samun sauƙi in masu addu'a da masu gargajiya suka haɗa hannu da ma'aikatan ƙananan asibitoci.

ABIN DA UNGUWA ZA TA IYA

Sauka Kahuta ba ta rasa mutanen da ake jin maganarsu ba. Akwai mai unguwa, akwai limamai da fastoci, malaman Islamiyya, ungozomai, shugabannin 'yan acaba, da samarin da suka taɓa faɗawa suka fito. Ana iya zaɓen kaɗan daga cikinsu, maza da mata, masu jin Gwaranci da Nufanci da Hausa, a horar da su. Aikinsu shi ne su zo in an kira, su kori 'yan kallo, su kau da wuƙa da igiya da guba, su zauna su saurara ba tsawa ba wa'azi, su tambayi mutum kai tsaye ko yana tunanin hallaka kansa, sa'an nan su san lokacin da abu ya fi ƙarfinsu su miƙa shi asibiti. Bayan an sallamo shi su riƙa leƙa shi. Matan aure da 'yan mata masu shan maganin tari a ɓoye kuwa, sai mace 'yar'uwarsu za ta iya shiga inda suke.

Waɗansu za su ce wannan ɗaure wa ɓarna gindi ne. Amsa ita ce, ba wanda ya halatta ƙwaya, ba wanda ya ce a ƙyale dillali ko mai sara da adda. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Sai dai akwai sharuɗɗa. Dole a riƙe sirri, domin ranar da aka ji mai ba da shawara ya kai rahoton yaro ga 'yan banga, ranar aikin ya mutu. Dole a sami nas ko likita da ke tsaye a bayansu. Dole kuma a ba su ɗan alawus da hutu, saboda wanda ke kwana sauraron baƙin cikin mutane shi ma yana bukatar mai sauraronsa.

Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu, wadda aka sanar a Janairu 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma amince da kula da marasa lafiya a cikin jama'arsu. Abin da ya rage shi ne Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Neja, da Ƙaramar Hukumar Chanchaga, da Majalisar Mai Martaba Sarkin Minna, Alhaji Umaru Faruk Bahago, su zauna su ware kuɗi da mutane, su fara da unguwa ɗaya a ga yadda za ta kaya. Allah Ya shirya mana zuriya, amin.