Kafin A Sayi Firiji, A Leƙa Bayansa

Da zarar bazara ta kama, sai magidanta su yi ta tururuwa kasuwa neman firiji, musamman na hannu da ake shigowa da su daga Turai, waɗanda ake kira tokumbo. Akasarinsu fenti da girman ƙofa suke kallo, alhali kuwa asirin firiji yana rubuce a 'yar takardar da maƙeransa suka manna a bayansa ko a bangon cikinsa.

A jikin takardar akwai harafin da ke nuna iyakar zafin ɗakin da injin zai iya jurewa. Mai harafin N iyakarsa digiri 32, mai ST 38, mai T kuwa 43. To, a Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin watan Afrilu kan haura 40, mai N ba shi da hutu dare da rana. Ga cin wuta, ga ruwa ba sanyin kirki, har ranar da injin zai ƙone da cefanen mako guda a ciki. Sai maigida ya ce mai kanti ya cuce shi, shi kuwa bai ko zagaya bayan firijin ba.

Takardar ta kuma nuna ƙarfin wutar da yake sha. Wutar Nijeriya 230 ce, ta Amurka 120. Wanda aka ƙera don Amurka, in an jona shi kai tsaye, ya tashi aiki ke nan.

In an kawo shi gida a kwance cikin mota, sai a bar shi a tsaye kamar awa huɗu kafin a kunna, don man injin ya koma mazauninsa.