Likitocin haƙori, ku bar kushe juna a gaban mai ciwo

Yau da likitocin haƙori muke magana. Muna ganin girmanku, amma abin ga ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya.

Wani maƙwabcinmu manomin albasa ne. Bara da rani matauninsa ya tashi, kwana uku bai runtsa ba. Ya sa kanumfari, ya sha ƙwayoyin ƴan tebur, abin ya ƙi. Ya hau mota ya tafi wani gari, likita ya cire haƙorin, ya biya ya dawo. Bayan mako guda kumatu bai saɓe ba. Sai ya nufi wani likitan a wani gari daban. Yana buɗe baki, tun kafin a taɓa shi, likitan ya ce: "Wane mahauci ne ya yi maka wanga aiki?" Ya ciro guntun saiwar da ta rage, ya wanke wurin, ya rubuta magani. Aiki mai kyau ya yi, Allah ya sani, mutumin ya warke sarai.

Amma kun san abin da ya kawo gida? Wannan kalma ta mahauci. Ya faɗe ta a fada, ya faɗe ta bakin masallaci, ya faɗe ta a garka. Abin da jama'a suka ɗauka shi ne: ashe su kansu ba su yarda da juna ba, to mu don mi za mu yarda da su? Babu wanda ya tuna cewa na biyun ma likita ne, kuma shi ya gyara. Babu kuma wanda ya bayyana masa cewa ruɓaɓɓen haƙori yana iya karyewa a hannun gwani, balle irin namu da ba mu kai shi sai ya zama gari, kuma sau da yawa babu hoton da zai nuna yadda saiwa ta kwanta.

Da damina ɗiyarsa ƴar shekara uku ta tashi daga ƙyanda, dasashinta ya riƙa jini, baki yana wari. Uban ya ce ba mai kai masa ɗiya wurin mahauta, ya sayo garin magani a kasuwa. Uwar ce ta goya ta a ɓoye ta kai CSI. Majo ya duba ya ce da an ƙara kwanaki da labari ya sha bamban.

Wanda bai san cutar noma ba (ba noman gona ba, ciwon da ke cin fuskar yara) ya tambayi wanda ya gani. Daga dasashi take farawa, ga yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 wanda yunwa ko ƙyanda ko masassara ta raunana, cikin ƴan kwanaki ta huda kumatu. Hukumar lafiya ta duniya ta ce in ba a yi magani ba, tana iya kashe tara cikin goma. In an tare ta da wuri kuwa, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wankin baki da abinci mai kyau sun isa. A watan Disamba na 2023 hukumar ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. Nan kusa da mu, a Sakkwato, akwai asibiti sukutum na yaran noma tun 1999, a Damagaram kuma ƙungiyar Sentinelles ta shekara da shekaru tana karɓarsu. Ke nan a ƙasa irin tamu, yardar uba da mai duba baki ba ƙaramin abu ba ne. Wanda ya ɓata ta don ya nuna ya fi abokin aikinsa, bai san inda ɓarnar za ta faɗa ba.

Abin haushin shi ne mun san kuna da zumunci. Ku ƴan kaɗan ne a Nijar, galibinku kuna Yamai, kilomita sama da 400 daga nan, kun san juna da suna. Wasunku tare suka yi karatu a Dakar ko wata ƙasa, suka ci kwano guda. Kowace ranar 20 ga Maris, ranar lafiyar baki ta duniya, muna ganin hotunanku da fararen riguna, ana dariya ana dafa kafaɗa. Madalla. To ina zumuncin yake shiga in an rufe ƙofa, daga kai sai mai ciwo?

Wanzamanmu ma, da ba su shiga jami'a ba, suna da Sarkin Aska. In wani ya yi kuskure wurin kaciya ko ƙaho, can ake kai magana, ba a tsakiyar kasuwa ba. Ku dubi kokowa. A nan Tawa aka fara gasar takobi ta ƙasa a 1975. Ƙato ya kā da ƙato, ya miƙa masa hannu ya tashe shi, da dare su ci tuwo tare. Kowa yana son takobin, ba wanda ya je don ya faɗi, amma ba ka jin wanda ya yi kaye yana cewa abokin karawarsa ba ɗan kokowa ba ne. In ya ce haka, to wa ya kayar?

Za ku ce: to mu rufe kuskure ke nan? A'a. Wannan ma cuta ce, kuma mu za ta ci. Gaya wa mai ciwo gaskiya: akwai guntun da ya rage, yana faruwa, zan cire shi. Sannan ka ɗauki waya ka kira ɗan'uwanka, ka tsokane shi yadda Bagobiri ke tsokanar Bazabarme, ka ce "yau na share maka gida, shayi na kanka." Ya ji kunya, ya gyara, gobe shi ma ya kama naka. In kuwa ɓarnar ta wuce kuskure, ta zama ganganci, kuna da hukumar sana'arku, ku kai can.

Mu ma ba mu fita ba. Mu ke zuwa da gulma: wancan ya ce jika goma, kai nawa? Wancan ya ce ba ka iya ba. Muna haɗa ku kamar zakaru don a rage mana dala ɗari. Mu bari.

Gasa kam muna son ku yi ta, sosai ma. Wa zai fara zuwa Gidan Idar ranar kasuwa da kujerarsa? Wa zai riga wani zuwa Dogarawa, Tsarnawa, Badagishiri, Tajaye? Wa zai zauna da majojin CSI da ungozomomi da su wanzaman nan, ya nuna musu yadda dasashin yaro yake in noma ta soma? Wanzami ke fara ganin bakin jariri a ƙauye, tun kafin ku. In kun raina shi zai ɓoye muku yaron, in kun jawo shi zai turo muku. A ƙarshen shekara ku haɗu ku ƙirga, wanda ya sha kaye ya yanka wa saura rago, mu za mu kawo albasar Galmi.

Malbaza ta zama departama tun 2011, simintinmu ya gina benaye a Yamai, har da waɗanda wasunku ke aiki a ciki. Abin da muke roƙo ƙarami ne: ku daidaita tsakaninku, ku manna takarda a kowace CSI ta yankin ga, da sunan likitan da za a kira da ranar da zai zo. Yarinyar nan tana nan tana wasa a ƙofar gida, tabo kaɗan ne a dasashinta. Ubanta har yau bai yarda ya sake buɗe wa likita baki ba, kuma ɗaya matauninsa ya fara.