Sharhi: Turmi 26 na Moses Itauma



A daren Asabar, 16 ga Agustan 2025, a birnin Riyad na Saudiyya, wani yaro ɗan shekara 20 ya shiga fili da Dillian Whyte, tsohon hannu mai shekara 37 wanda ya taɓa neman kambun duniya a gaban dubban jama'a a filin Wembley. Wanda ya tashi ɗebo ruwa a lokacin da aka kaɗa ƙararrawa, kafin ya dawo an gama. Minti ɗaya da daƙiƙa 59 aka yi. Yaron ya kora Whyte har jikin igiya, ya yi ta zuba masa naushi, daga ƙarshe ya sa masa dama a gefen kai, Whyte ya faɗi da fuska. Ya yunƙura ya miƙe, ƙafafunsa na rawa, alƙalin wasa ya ɗaga hannu ya ce ya isa haka.

Sunan yaron Moses Itauma, kuma tun daga wannan dare masu bin damben zamani suka kasu biyu. Wasu na cewa ga magajin Oleksandr Usyk ya bayyana, a sa masa zare da shi tun kafin ɗan Yukren ɗin ya ajiye safar hannu. Wasu kuma na cewa a yi a hankali, an sha ganin irin haka. Ni ina da tawa matsayar, kuma zan faɗe ta ba ɓoye-ɓoye, amma bari mu fara sanin wane ne ake gardama a kansa.

An haife shi ranar 28 ga Disambar 2004 a garin Kežmarok na ƙasar Silobakiya. Mahaifinsa ɗan Najeriya ne, mahaifiyarsa 'yar Silobakiya. Shi da bakinsa ya ce wariyar launin fata na cikin abin da ya sa iyalinsu suka bar can suka koma Ingila, inda ya tashi a garin Chatham da ke yankin Kent. Yayansa Karol ne ya riga shi shiga dambe, har ya ci zinare a gasar Olamfik ta matasa a Buenos Aires a 2018, shi kuma ƙanen ya bi sawu tun yana kamar shekara tara. A damben 'yan koyo ya yi wasa 24 bai faɗi ko sau ɗaya ba, ya kuma ci zinaren matasa na duniya a 2022. A Janairun 2023 ya shiga damben kuɗi a hannun mai shirya wasanni Frank Warren, kuma wasansa na farko daƙiƙa 23 kacal ya ɗauka. Zuwa daren Whyte ya yi wasa 13, ya ci duka, 11 daga ciki da bugun kwaf ɗaya.

Masu yabonsa suna da hujja, kuma ba ni da niyyar rage musu ko ƙwayar zarra. Na kalli wasanninsa na sake kalla. Bahago ne, kuma bahago a ajin masu nauyi abu ne mai wuyar sha'ani, domin yawancin 'yan damben ajin sun saba da na-dama, naushin hagu yana zuwa musu ta inda idonsu bai saba tsaro ba. Ga saurin hannu irin na 'yan ƙananan aji a jikin mutumin da ya haura kilo 100. Amma abin da ya fi burge ni ƙafarsa ce. Yakan matso rabin taku, ya nuna kamar zai kai hannu, abokin karawa ya motsa, shi kuma ya janye kaɗan ya bar naushin ya wuce a iska, sannan ya mayar da martani kafin hannun wancan ya koma gida. Wannan lissafin tazara yawanci sai mutum ya kai shekara 28 ko 30, ya sha duka iri-iri, kafin ya iya shi. Ku tuna yadda ya yi da Demsey McKean ɗan Ostareliya a Disambar 2024, a daren da Usyk da Tyson Fury suka kara karo na biyu. Hagu ɗaya ta sama ya sauke masa, dogon mutumin nan ya naɗe kamar tabarma. Kuma fuskar yaron ba ta canza ba. Ba ihu, ba tsalle, ba garaje. Idan ya ga mutum ya jigata ba ya rufe ido ya yi ta watsa hannu, zaɓar wurin bugu yake yi. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma duk mai gaskiya ya san wannan Larabar ta yi kyau.

To, ina matsalar take? Tana cikin lissafi ɗaya da nake so mai sauraro ya riƙe. Idan ka haɗa dukkan turmin da Itauma ya shiga a wasanni 13 ɗin nan, 26 ne. Turmi 26. A ciki ma 12 sun fito ne daga wasanni biyu na shekarar 2023, inda ya yi turmi shida-shida aka ba shi nasara da maki. A cikinsu bai taɓa jin ƙararrawar turmi na bakwai ba. Wasan kambun duniya kuwa turmi 12 ne, minti uku-uku, kuma duk wanda ya san wasan nan ya san damben gaske daga turmi na takwas yake farawa, lokacin da hannu ya yi nauyi, numfashi ya gajarta, ido ya kumbura, mutumin da ka yi zaton zai faɗi tun ɗazu kuma yana nan tsaye yana matso ka. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Shi Itauma har yau kwanonsa cike yake da miya.

Sannan a dubi waɗanda ya doke, a dube su da adalci. Mariusz Wach ɗan Polan, da ya tsayar a turmi na biyu a Yulin 2024, mutum ne mai taurin kai wanda ya taɓa kai Wladimir Klitschko har turmi 12. Amma a 2012 aka yi wannan, kuma ranar da ya haɗu da Itauma shekararsa 44. McKean ya shafe wata 16 bai yi wasa ba tun bayan da Filip Hrgović ya tsayar da shi. Mike Balogun, da ya sha kashi a Glasgow a Mayun 2025, tsohon ɗan ƙwallon Amurka ne da ya shigo dambe da girmansa. Shi kansa Whyte, wanda ya kai Anthony Joshua bango a 2015, ba shi ne ya je Riyad ba. Alexander Povetkin ya kwantar da shi a 2020, Fury ya kwantar da shi a 2022, kuma wanda ya ga yadda ya sha wuya a hannun Ebenezer Tetteh ɗan Ghana a ƙarshen 2024 ya san ƙafafun sun riga sun gaji. Ba laifin yaron ba ne, wanda aka ajiye masa a gaba shi ya doka, kuma ya doke su da sauri fiye da yadda manya suka yi. Sai dai babu ko ɗaya a cikinsu da ya sauke masa naushi mai nauyi a haɓa har muka ga abin da zai biyo baya.

Ajin masu nauyi ya binne fata da yawa a kan wannan tambaya ta haɓa. Michael Grant ɗan Amurka ya yi wasa 31 ba faɗuwa, ana kiransa zakaran sabon ƙarni, Lennox Lewis ya gama da shi a turmi biyu a Afrilun 2000. David Price na Ingila ya ci tagulla a Olamfik ta 2008, ya yi wasa 15 yana zubar da mutane, sai Tony Thompson, dattijon da ya haura 40, ya tsayar da shi sau biyu a 2013, kuma bai sake zama yadda yake ba. Na kusa-kusan nan shi ne Jared Anderson, wanda Amurkawa suka ɗora wa dukkan burinsu. A Agustan 2024 aka haɗa shi da Martin Bakole ɗan Kwango a Los Angeles, ya faɗi sau uku, aka tsayar a turmi na biyar. Duk waɗannan an yi musu irin kirarin da ake yi wa Itauma yau.

Masu gaggawa sukan kawo Mike Tyson. Gaskiya ne Tyson ya karɓi kambun WBC daga hannun Trevor Berbick ranar 22 ga Nuwamban 1986 yana da shekara 20 da wata huɗu, kuma Itauma ya daɗe yana faɗin cewa burinsa ya karya wannan tarihi. Wa'adin ya wuce a Mayun 2025, kuma ni na yi hamdala da ya wuce, domin kwanan wata ba abin da za a yi tsere da shi ba ne a wasan da ake bugun kai. Amma tunda an ambaci Tyson, a faɗi labarin duka. Kafin ya shiga fili da Berbick ya yi wasa 27. A shekarar 1985 kaɗai ya yi 15. A Mayun 1986 James Tillis ya kai shi turmi goma, bayan 'yan makonni Mitch Green ma ya kai shi goma. Masu kula da shi sun tabbatar ya ɗanɗani gajiya, ya san yadda ake cin wasa da maki idan mutum ya ƙi faɗuwa, kafin su tura shi neman kambu. Zuwa daren Whyte, Itauma bai kai rabin wannan adadin ba.

Yanzu a kwatanta da wanda ake so a haɗa shi da shi. Usyk ya yi wasan koyo sama da 300, ya ci zinaren Olamfik a Landan a 2012, ya haɗe dukkan kambunan ajin da ke ƙasa da masu nauyi a 2018, ya hau sama ya doke Joshua sau biyu, Fury sau biyu, duk a turmi 12-12, sannan ya kwantar da Daniel Dubois a turmi na biyar a Wembley a Yulin 2025. Shi ma bahago ne, saboda haka fifikon hagun nan ya tashi a banza. Sana'arsa ita ce ya bar ka ka ƙone man ka a turmi huɗu na farko, ya karance ka tsaf, sannan ya ƙara wuta a lokacin da kai kake neman iska. Na yarda shekararsa 38 a 2025, kuma na yarda naushi ɗaya a wannan aji yana iya rufe kowace gardama. Amma wanda ya tura yaron da bai taɓa wuce turmi shida ba gaban wannan mutum, caca ya yi, kuma da lafiyar ɗan wani ya yi ta.

A nan ne nake jin tsoro, domin kuɗi na magana da ƙarfi. Turki Alalshikh, wanda ke riƙe da lalitar damben Riyad, ya fito fili ya ce wasan da yake son gani ke nan. A 2025 hukumar WBO ta ɗora Itauma a matsayi na ɗaya cikin masu neman kambunta. Idan aka ajiye miliyoyin daloli a kan tebur, matashin yaro da bai taɓa faɗuwa ba ba zai ce a'a ba, kuma bai kamata a sa ran ya ce ba. Nauyin faɗin a'a yana kan Frank Warren da mai horar da shi Ben Davison. Warren ya ga irin wannan da idonsa. Shi ne ya haɗa Dubois, yana ɗan shekara 23, da Joe Joyce a Nuwamban 2020, ƙashin idon Dubois ya karye, ya durƙusa a turmi na goma, aka yi ta yi masa gorin ragwanci. Dubois ya dawo har ya kwantar da Joshua a 2024, amma shekara huɗu ya ɗauka yana wanke sunansa, kuma ba kowa ke dawowa ba.

Abin da nake so a yi wa Itauma shi ne a nemo masa masu ƙin faɗuwa.  Ga Hrgović, wanda ya ci David Adeleye da maki a daren nan na Riyad, mutum mai tsawo da haɓar ƙarfe da dama mai nauyi. In ya haye shi, ga Agit Kabayel na Jamus, wanda ke saran ciki har sai mutum ya durƙusa, ga kuma Joseph Parker da ya taɓa riƙe kambu ya kuma san kowace dabara. Wasa uku ko huɗu irin waɗannan cikin wata 18 za su ba shi turmi 30 na wahala, kuma su ne jarin da zai ci a ranar da ya tarar da kansa a ƙasa alƙali yana ƙirga masa. Ranar tana zuwa, domin Muhammad Ali ya faɗi, Lewis ya faɗi, Joshua ya faɗi sau huɗu a hannun Andy Ruiz a New York a 2019. Ina so ranar ta same shi ya riga ya san hanyar tashi.

Akwai kuma mu 'yan Najeriya, da muke saurin cewa namu ne. Jininmu ne, ba musu, kamar yadda Joshua yake, kuma tun bayan da Samuel Peter ya ɗauko kambun WBC a 2008 muke ɗokin ganin wani mai sunan gida a kan wannan kujera. Tutar Birtaniya yake ɗagawa, can aka raine shi aka horar da shi, wannan kuma haƙƙinsa ne. Amma in har da gaske muke ƙaunarsa, bai dace muryarmu ta shiga cikin masu ingiza shi ba. Mun ga yadda aka yi wa Joshua: waɗanda suka fi ɗaga shi sama su ne suka fara juya masa baya daren da Ruiz ya kayar da shi.

Idan aka tambaye ni ko Moses Itauma zai riƙe kambun duniya, amsata e ce, in Allah ya ba shi lafiya, kuma ina ganin zai daɗe da shi. Ban ga ɗan shekara 20 a wannan aji mai irin hannunsa da natsuwarsa ba tun da na fara bin wasan nan. Ranar da aka sanar da abokin karawarsa na gaba, abu ɗaya zan duba a takardar mutumin: sau nawa ya kai turmi na goma yana tsaye.