KIWO DA NOMA: Inuwar icce rabin kiwo ce

Bazara ta kama. A watan Afrilu da na Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a Maraɗi, Damagaram da Tawa. Ciyawa ta ƙare, karan gona ya ƙare, rijiya ta yi nisa. A wannan lokaci makiyayi yakan ɗauki barandami ya hau gawo don ya samo wa bisashensa ganye. Ba laifi ba ne neman abincin dabba. Amma wanda ya aske icce ƙwal, ya ciyar da garkensa yini guda, ya bar shi cikin rana har faɗuwar damina.

Abin da rana take yi wa saniya

Saniya tana da zafi biyu. Akwai na rana a bayanta, akwai na tumbi a cikinta, domin abincin da take tuƙa yana ba da zafi kamar wuta a murhu. Idan rana ta take, ba ta sami mafaka ba, sai ta rage cin abinci don ta rage zafin ciki. Sai ta tsaya tana haki, miyau yana zuba. Ba ta kwantawa ta yi tuƙa sosai. Ƙishirwa tana ƙaruwa, nono yana raguwa, ɗan maraƙi yana ramewa. Ko barbara ba ta cika kamawa ba cikin tsananin zafi.

Shanun ƙasar nan, irin Azawak da jajayen shanun Bororo, suna da jimirin rana. Amma jimiri ba ƙoshi ba ne. Saniyar da ta yi kiwo da sassafe, ta kwanta a inuwa daga hantsi har la'asar, ita ce take riƙe jikinta. Haka ma san noma: idan ya yi bazara a inuwa, zai shiga huɗa da ƙarfinsa.

Gawo abokin makiyayi

Hausawa sun ce inuwar giginya na nesa ka sha. Ta gawo kuwa ta na kusa ce. Gawo ya saba wa sauran itatuwa. Da damina yake zubar da ganye, sai hatsi ya sami rana a ƙarƙashinsa. Da rani kuma sai ya yi kore shar, daidai lokacin da bisashe suke bukatar inuwa. Ƴaƴansa suna nuna cikin rani, suna faɗowa, shanu da awaki da tumaki suna tsinta. Abinci ne mai gina jiki, har a kasuwa ana saida shi.

Shanu kuma suna biyan bashi. Inda suka kwanta, nan suke zuba kashi da fitsari. Shi ya sa geron gindin gawo ya fi na fili kyau. Ƙwayar da suka haɗiye tana fita cikin kashi, ta tsiro a wani wuri. Tun zamanin da, sarakunan Damagaram sun hana saran gawo. Har yau gawo yana cikin itatuwan da dokar gandun daji ta kare. Wanda ya bi ta Matamai da Magariya zai ga gonaki cike da shi.

Bayan yunwar 1984, manoman jihar Maraɗi da yawa sun kama sassaben zamani. Wato ba a tumɓuke kututture. Ana zaɓen ƴan rassa masu ƙarfi a bar su su girma, a yanke sauran. Da haka kalgo, sabara, aduwa, magariya da gawo suka dawo gonaki. Masu bincike sun ƙiyasta fili wajen hekta miliyan 5 ya farfaɗo. A shekara ta 2020 gwamnati ta fitar da doka da ta tabbatar wa manomi haƙƙin cin moriyar iccen da ya rena a gonarsa.

Abin da ya kamata a kiyaye

1. In za a saro ganye, a nemi izinin mai gona da shawarar ma'aikatan gandun daji. A ɗebi ƙananan rassa ta gefe, a bar kan icce.

2. Kada a sari icce guda kowace shekara. A bar shi ya huta.

3. A kakkaɓe ƴaƴan gawo da sanda in sun nuna. Reshen da aka sare ba ya ba da ƴaƴa baɗi.

4. A kewaye ƙananan itatuwa da ƙaya, domin akuya ba ta barin tsiro.

5. Kada garke ya daɗe a gindin icce guda. Ƙasa tana daddaɓewa, kaska tana taruwa. A riƙa canza wuri.

6. In hadari ya taso da tsawa, a janye bisashe daga gindin dogon icce da yake tsaye shi kaɗai.

Manomi yana da icce, makiyayi yana da taki. In sun zauna sun shirya kafin shanu su shiga gona, babu mai hasara, babu mai zuwa gaban hakimi. Iccen da aka bari bana, shi ne zai tsare garke baɗi.

Allah ya ba da damina mai albarka.