RA'AYINMU: MARI BA MAGANI BA NE

Duk wanda ya ratsa Kasuwar Dole ran Alhamis, ko ya bi lungunan Zango da Birni, ba zai rasa ganin wani bawan Allah cikin tsumma yana zance shi kaɗai ba. Waɗannan su ne na fili. Akwai kuma na ɓoye, waɗanda danginsu suka kulle a ƙuryar ɗaki, da mari a ƙafa, don gudun abin kunya. Cikinsu akwai tsohon ɗan kasuwa, akwai malamin makaranta, akwai mai jego wadda ciwon ya kama bayan haihuwa. Mu dai a ganinmu, wannan al'amari ya wuce sirrin gida, ya zama maganar ƙasa.

Hausawa na cewa hauka maganinka Allah. Gaskiya ne, amma Allah ya kan saukar da magani ta hannun bayinsa. Tun shekarar 1952 likitocin Faransa suka gano cewa maganin da ake kira Largactil yana kwantar da muryoyin da majiyyaci ke ji da tunanin da ke firgita shi. Bayansa aka samu wasu, har da allurar da ake yi sau ɗaya a wata, kuma tsofaffin magungunan nan ba su da tsada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin 300 yana fama da nau'in taɓin hankalin da ke sa jin muryoyi da zargin mutane. Jihar Damagaram kuwa ta haura mutum miliyan 3 da rabi tun ƙidayar 2012. Ɗan kasuwa ya san lissafi, sai ya auna da kansa.

Mun san iyalai ba don mugunta suke ɗaurewa ba; tsoro ne da gajiya da rashin madafa. To amma akwai abin da gida zai iya tun kafin a kai ga haka. Ciwon nan ya kan yi sallama kafin ya shigo: barci ya ƙaurace kwana biyu ko uku, mutum ya daina cuɗanya, ya soma zargin abinci. A wannan lokaci ya kamata a nufi likita. In ya tashi, kada a taru a kansa, kada a ɗaga murya, kada a yi gardama da abin da ya ce yana ji, kuma kada a gaskata masa shi. Mutum ɗaya da ya yarda da shi ya zauna, ya yi masa magana a hankali. A kawar da wuƙa da igiya da maganin ƙwari. In ya ce ya gaji da duniya, a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a gaggauta kai shi asibiti. In magani ya sa masa rawar jiki ko sandarewar wuya, a koma a gyara masa, kada a jefar. Yawancin komawar ciwo daga barin magani take, da zarar an ga sauƙi. Addu'a da ruƙiyya ba su hana shan ƙwaya, duka da yunwa kuwa sai dai su ƙara ciwo.

Sai dai me amfanin wannan nasiha ga mutumin Tanut ko Gure ko Magarya, in sai ya biya kuɗin mota duk wata zuwa babbar asibitin Damagaram, ko ya yi tafiyar kilomita kusan 900 zuwa Yamai, inda yawancin ƙwararrun suke? Nan ne nauyin hukuma yake. Tun 1954 Dokta Thomas Lambo ya nuna a ƙauyen Aro, kusa da Abekuta, cewa ana iya jinyar mai taɓin hankali cikin mutane, tare da danginsa. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin koya wa ƙananan ma'aikatan lafiya gane waɗannan cututtuka da ba da maganinsu. Ashe hanya a buɗe take, niyya ce ta rage.

Abu uku muke nema. Na farko, kowane gidan likita na gunduma ya samu ma'aikacin da aka horar, da magani wanda ba ya yankewa. Na biyu, ƙasar da ta ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 kuɗin magani a 2006 tana iya ɗauke wa waɗannan bayin Allah, muddin za ta riƙa biyan asibitoci kuɗinsu kan kari. Na uku, a hana ɗaure majiyyaci a gida ko a wurin mai magani. Abin da ƴan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, ɗaruruwan mutane a tsare, wasu cikin sarƙa, ya isa darasi ga maƙwabci.

Ba hukuma kaɗai ba. Fadar Mai Martaba Sarkin Damagaram da limamai suna da bakin da ake saurara. Mai rumfa ya mayar da yaronsa bakin aiki in ya samu sauƙi, domin sana'a da mutunci suna riƙe hankali. Shugaban ofis ya ba ma'aikacinsa hutun jinya, ya rufa masa asiri. Mai sayar da taramol a kan tebur kuwa ya sani yana ƙara wa wuta mai.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma babu wanda ya karɓi takardar tabbacin hankalinsa zuwa gobe. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya ba mahukunta kunnen ji.