Injin ban ruwa ba ya tsuma kowa

Akwai wata ƙarya da ta kama ƴan haɗa kiɗi na wajenmu, daga Madawa har Buza da Kaita, kuma na gaji da jin ta a fada. Wai kiɗin da ke ɗauke hankali, irin wanda ke sa mutum ya bar shayinsa ya huce a hannu, kayan aiki ne ke yin shi. Wai in ka samu FL Studio a kwamfuta, ka jera bugu huɗu su yi ta zagaye, ka zuba amsa-kuwwa kamar ana waƙa cikin rijiya, ka matse murya da Auto-Tune, to ka gama. Ku saurari abin da muke tura wa juna a salula. Waƙa goma, bugu ɗaya. Minti na farko da na huɗu uwa ɗaya uba ɗaya. Mai shi kuma ya ce maka da gangan ya yi, wai maimaici shi ne sirrin.

To, in maimaici kaɗai ne sirrin, ai da ba mu da makaɗin da ya kai injin ban ruwa. Wanda ya taɓa kwana a gonar albasa cikin fadamar Tarka ya san shi: tun asuba har rana ta faɗi bugu ɗaya yake, ba ya kuskure, ba ya gajiya. Wa kunka taɓa gani ya taka masa rawa? Bayan minti biyar kunne ya jefar da shi, sai in ya mutu kake tuna yana nan. Haka kunnen mutum yake, abin da ya riga ya san ƙarshensa ba ya tsayawa saurarensa.

Yanzu ku tuna lugude. Mata uku a turmi ɗaya, shi ma maimaici ne, amma mai numfashi. Wannan ta ɗan jinkirta, waccan ta cilla taɓarya sama ta tafa kafin ta cafe, ta ukun ta bugi bakin turmi maimakon cikinsa. Sautin kansa yana canzawa, domin gero da yake tsaba da lokacin da ya koma gari ba amo ɗaya suke bayarwa ba. Kana jin abin da ka sani, amma kowane zagaye da ɗan abin da ba ka zata ba. Tsakanin sanin nan da rashin sanin nan hankali ke maƙalewa. Hausa tana da kalmarta tun kafin a ƙera kwamfuta, tsuma. Kiɗi ya tsuma shi.

Kuma Adar ba baƙuwar wannan sana'a ba ce. Ba kiran kowa nake zuwa bori ba, kada wani ya tare ni a ƙofar masallaci, zancen gwaninta nake. Mai goge da ƴan ƙwarya sun san abin da ɗan sitidiyo bai sani ba: ana farawa da sanyi, a riƙe taki ɗaya har jiki ya saba, sannan a riƙa ƙara sauri kaɗan-kaɗan yadda ba wanda zai ce ga inda anka ƙara. Masu ƙwarya suna riƙe ƙasa, goge yana yawo a bisa, bugu uku yana hawa kan bugu biyu. Wata Bafaranshiya, Nicole Échard, ta yi shekaru tana nazarin borin Adar har ta rubuta littafi a kai. Gasar kiɗi ta ƙasa da ake yi a Tawa sunan Ɗan Gurmu ta ɗauka. Mu da munka tashi cikin abin, mun gwammace mu sauko da bugun da wani ya haɗa a Atlanta.

Abin da ya fi ci mani rai, a matsayina na mai karatun ilimin harsuna, shi ne abin da ake yi wa Hausar kanta. Harshenmu da karin sauti yake aiki, da tsawon wasali. Kuka na itace da kuka na hawaye, baƙaƙensu ɗaya, karin sauti ne ya raba su. Haka wuya ta jiki da wuya ta wahala. Da wannan ne kalangu ke magana, makaɗi ya matsa tsarkiya sauti ya hau, ya saki ya sauka, mai saurare ya ji sunansa da kirarinsa ba tare da an buɗe baki ba. Waƙar Hausa kuma awonta a kan gaɓa mai nauyi da marar nauyi yake. Na san mawaƙa na da can ma sukan lanƙwasa karin sauti in waƙa ta buƙata, amma da sani suke yi. Yau sai a fara ɗauko kiɗi da anka auna wa wani harshe, a tura kalmomin Hausa ciki kamar ana cusa buhu a but ɗin mota, dogon wasali ya gajarce, gajere ya miƙe, Auto-Tune ya zo ya daddale abin da ya saura. Kunnen Bahaushe yana tuntuɓe a kowane layi. Mai tuntuɓe kuwa ba ya tsuma, gyara tafiyarsa yake.

Wani zai ce ni maƙiyin na'ura ne. Ko kaɗan. Mamman Sani ya fitar da kaset ɗinsa a 1978 da ogan na lantarki ƙirar Italiya, kuma rediyo da talabijin na ƙasa sun daɗe suna sa kiɗinsa tsakanin shirye-shirye. Da yatsunsa ya buga, waƙoƙin ƙasar nan ya ɗora a kai, shi ya sa har yau in ka kunna sai ka zauna. Hama na Yamai ya bi wannan hanya da piyanon Yamaha, yana juya tsoffin waƙoƙin Sahara. Mdou Moctar, ɗan jaharmu ta Tawa, a Sakkwato ya naɗi Anar a 2008, da Auto-Tune ɗin nan da nake kuka da shi, waƙoƙin sunka bi salula zuwa salula har wani kamfanin Amurka, Sahel Sounds, ya biyo sawunsa. Bambancin shi ne da waƙarsa ya shiga sitidiyo, na'ura ta yi mata ado. Namu da hannu biyu suke shiga, su tambayi kwamfuta mi za su yi.

Abin dariya ma, Steve Reich, Ba'amurken da masu irin wannan kiɗi a Turai ke ɗauka kamar kakansu, sai da ya tafi Gana a 1970 ya zauna gaban makaɗan gargajiya.

Ga abin da nake nema daga abokaina masu haɗa kiɗi, kuma ba kuɗi zai ci ba. Fara da kalmomi, ka faɗe su da baki yadda kakarka za ta faɗe su, ka bar kiɗi ya bi hawa da saukarsu. Maɓallin nan da ke jera kowane bugu daidai kan layi, kashe shi ga ganga da tafi, ka buga da yatsa. Bar abu ɗaya tak a tsaye, sauran su riƙa motsi a hankali: sauti ya buɗe cikin minti guda, wani ya ɓace ba sallama, ya dawo inda ba a jira shi ba. Amsa-kuwwa kamar gishiri ne a miya.

Na san amsar da ke zuwa: masu biki abin da sunka saba suke so, kuma mai sitidiyo da jika biyu yake cin abinci. Gaskiya ne. Amma bikin nan ne ya sallami mai kalangu ya ɗauko lasifika, kuma yawancin makaɗan da na sani a ƙauyukanmu sun yi furfura, ɗiyansu na kabu-kabu ko sun tafi ci-rani. Salular da ke aljihunka tana naɗar sauti. Hutu mai zuwa, kafin ka sauko da wani bugu daga intanet, ka je gidan mai gogen garinku da goro, ka nemi izininsa, ka biya shi, ka tambaye shi a wane wuri yake ƙara sauri da yadda yake gane lokacin ya yi.