Kafin Alƙalami Daban, Kuɗin Zaɓi Daban

Duk wanda ya san kasuwar Mashi ya san buhun gero fuska biyu gare shi: araha da kaka, tsada da bazara. Wannan hawa da sauka shi ya haifi cinikin gaba, inda ake yanke farashi yau, a miƙa kaya bayan watanni, kamar yadda aka daɗe ana yi a kasuwar hatsi ta Chicago da aka kafa a 1848. Bisa wannan ciniki kuma aka ɗora abin da nake kira zaɓi.

A ƙaddara da kaka farashin geron da za a miƙa a Yuni naira 40,000 ne. Ɗan kasuwa ya biya 3,000 don ya sami damar shiga cinikin a kan 40,000, ba tare da an tilasta masa ba. Idan farashi ya kai 50,000, ribarsa 7,000. Idan ya faɗo, sai ya janye, asararsa 3,000 kacal.

To, me ya sa 3,000? A 1976 Fischer Black ya fitar da lissafin da ke auna abubuwa 5: farashin gaba, farashin da aka yanke, sauran kwanakin wa'adi, kuɗin ruwa, da yawan tangal-tangal ɗin farashi. Huɗun farko kowa na iya gani. Na biyar ƙiyasi ne, kuma nan gizo ke saƙar. Lissafin bai damu da ko gero zai hau ko zai sauka ba. Tambayarsa ita ce yaya girman lilon. Shekarar da damina ta yi gardama, ko aka rufe iyakar Nijar kamar a 2023, zaɓi zai yi tsada.

A matsayina na ɗalibin harshe, damuwata suna ne. Na ji masu ilimi suna fassara kuɗin nan da kafin alƙalami, alhali kafin alƙalami ana cire shi daga kuɗin kaya, kuɗin zaɓi kuwa ya tafi ke nan ko an saya ko an fasa. Bambancin ba ƙarami ba ne: Majalisar Fiƙihu ta Jidda ta haramta cinikin zaɓi a 1992, ta halatta kafin alƙalami a 1993, duk da cewa Malikawa ba su yarda da a riƙe shi in an fasa ba. Kafin a tallata wa manomin Mashi wannan haja a rediyo, wajibi ne malaman Hausa, na tattalin arziki da na fiƙihu su zauna su raɗa mata sunanta na gaskiya.